Shayin Kofur Habila a Ranar Gayya

Ranar Alhamis ce, daminar shekarar 1964. An kwana ana yayyafi, gari ya waye fes, ƙasa ta yi laushi.

Akwai wani soja ana ce masa Kofur Habila, mutumin wata unguwar manoma kusa da Ƙarfi, ƙasar Malumfashi. A ranar ne ya kira gayya. Amma sai an ɗan koma baya kafin a gane abin da ya faru.

Habila ya daɗe a Kwango, cikin sojojin da aka kai kwantar da tarzoma. Sansaninsu ya tara mutanen ƙasashe iri-iri, kowa da tantinsa da kukunsa. Shi kuwa mutum ne mai son ganin ƙwaƙwaf. Duk safiyar da ba ya bakin aiki, sai ya bi tantuna yana ɗanɗana abin da kowa ke karyawa da shi.

Turawa ƙwai suke soyawa, su shafa man shanu a burodi, su kora da shayi mai madara, a kan tebur. Indiyawa gurasa ce fale-fale da ƙananan wake mai yaji, shayinsu kuma sai ka ji citta har maƙogwaro. Mutanen Habasha suna da wata gurasa mai tsami, faɗinta kamar faifai, a gutsuttsura ta cikin jar miya. 'Yan ƙasar, masu haƙa rami da ɗaukar buhu a sansanin, rogo ne kirɓaɓɓe da aka naɗe a ganye, su ci da busasshen kifi tun rana ba ta fito ba.

Ya auna, ya sake aunawa, ya yanke wa kansa hukunci. Na Turawa ne kan gaba. Ɗumame da kokon gida su ne na baya. Har in wani ya tambaye shi me ake ci da safe a garinsu, sai ya ce shayi.

Ya dawo gida ya tarar mahaifinsa Ɗanasabe ya rasu tun da rani. Mahaifiyarsa Tani ta lallaɓa ta shuka gonar gandu. Dawa ta fito, amma ciyawa ta fi ta tsawo. In ba a nome ta a makon nan ba, bana rumbu zai zauna wayam.

A unguwar, gayya juyi-juyi ake yi, kowane gida da ranarsa. An ba Habila Alhamis. In ta wuce sai an zagayo, kafin nan kuwa dawa ta shaƙe.

Mai gayya ba ya biyan kowa, ciyarwa ce tasa. Koko mai kauri da safe, fura da rana, tuwo da yamma. Shi koko ba a yin sa da gaggawa. Sai an jiƙa gero ya kwana, a niƙa, a tace, a bar gasara ta yi tsami.

Ran Talata Tani ta ɗebo gero za ta jiƙa. Habila ya tare ta.

"Inna, mayar da geron nan. Bana mutanen unguwar nan za su ga yadda duniya ke karyawa."

"Da me garada cike da gona za su karya, ɗan nan?"

"Da shayi da burodi. Ke dai ki ji da fura da tuwo."

Ta dube shi, ta dubi geron, ta mayar. Shi ne mai gida yanzu. Ya shiga mota zuwa Funtua, ya dawo da kwali cike da burodi, da ganyen shayi, da sukari, da madarar gwangwani.

Jajibirin gayya da safe ya wuce ta ƙofar gidan Labo, ƙanen mahaifinsa. Tsohon na zaune a kan turmi da akushi a gabansa, maza sun kewaye shi suna gyaran ƙotar hauya.

"Soja, matso mu ci."

"Tuwon jiya, Baba? A inda na fito, ragowar jiya kare ake zuba wa."

Labo bai ɗago ba, ya ci gaba da lomarsa. Habila kuwa ya gyara tsayuwa ya shiga ba su labarin tantuna, na Bature kaza, na Indiya kaza, na Habasha kaza.

Labo ya lashe yatsa. "Ita gurasar Habashan, yaushe ake toya ta?"

"Da yamma. Su ci, abin da ya rage da safe su gutsuttsura a miya, su ɗora a wuta."

"To, ɗumame ke nan."

Maza suka kwashe da dariya. Habila ya haɗe rai.

"Su masu shayin fa," in ji Labo, "in sun sha, wane aiki suke yi?"

"Su hau mota su zaga gari."

"Uhm."

Ya koma kan akushinsa.

To, ga Alhamis ta zo. Maza suka hallara a bakin gona tun da sassafe, da Shitu makaɗi rataye da gangarsa. Habila ya sa wandon kakinsa, ya ɗora babbar tukunya a kan duwatsu, yana zuba wa kowa a ƙoƙo, yana miƙa burodi.

Isyaku, taubashinsa, ya leƙa ƙoƙon ya shinshina.

"Kofur, wannan na wanke hannu ne ko na kuskure baki?"

"Sha ka ji, baƙauye."

Ya kurɓa. "Kai, da zaƙi! To an sha. Ina kokon?"

"Shi ke nan karin."

Isyaku ya dunƙule burodinsa a hannu, ya buɗe, ga shi ya koma kamar goro. Ya ɗaga wa jama'a. "Jama'a ku gani, iska aka toya mana!"

Aka yi dariya, aka shanye, aka shiga gona. Ganga ta ɗauka. Da farko aiki ya tafi kamar wasa, ciyawa na kwanciya. Habila ma ya ɗauki hauya ya kama kunyarsa, yana jin kansa a sama.

Kafin hantsi ya dubi ludayi, hauyoyi suka fara nauyi. Waƙar noma ta tsaya. Shitu na kaɗawa kamar mai gyangyaɗi. Ɗaya ya tafi gindin ɗorawa ya zauna, wani ya bi shi. Habila ya miƙe zai yi musu magana, sai shi ma ya ji idonsa na ganin duhu-duhu. Shekarunsa a Kwango bindiga ya riƙe, ba hauya ba.

Ya dubi gonar. Ko kwata ba a ci ba. Ya dubi gabas. Hadari ya fara haɗuwa.

Wani dattijo ya saɓa hauyarsa. "Bari in leƙa gida in dawo."

Kowa ya san wanda ya leƙa gida ranar gayya ba ya dawowa.

Habila ya ruga gida. Ya tarar da Tani a bakin turmi, ko kirɓin fura ba ta kai ba.

"Inna, a dama koko! Za su watse!"

"Da wace gasarar?"

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ajiye taɓarya ta zauna a ƙasa, tana duban rumbun da mijinta ya gina. Wannan ya fi masa zagi ciwo.

Ya koma gona. Ya yi niyyar ya durƙusa ya roƙe su, bai ma san da wane baki ba. Yana isa ya ga duk sun miƙe tsaye suna kallon hanyar unguwa.

Mata ne a jere, da ƙorai da tukwane a kafaɗa. Laraba matar Labo ce a gaba. Can baya ga tsohon da kansa, yana dogara ƙotar hauya.

Ashe jiya da yamma Labo ya bi gida-gida. Abu ɗaya ya faɗa wa kowace mace: ta ƙara gari a tukunyar tuwo, kada a kankare.

Aka sauke a gindin ɗorawa. Ɗumame ne mai zafi, ya sha miyar kuka da daddawa, man shanu na yawo a sama. Laraba ta haɗo da kunun tsamiya cike da tulu. Dattijon da ya saɓa hauya ya sauke ta ba tare da kowa ya roƙe shi ba.

Habila ya je gaban Labo ya tsuguna.

"Baba, maganar da na yi jiya..."

"Gonar wana ce. Wanke hannu."

Isyaku ya matsa masa wuri, baki cike. "Zo nan, Kofur. Karnukan unguwa sun taru, kai kaɗai ake jira."

Ya sa hannu. Loma ta farko ta sauka, ya ji ta zauna daram. Sai ya tuna mutanen nan masu haƙa rami a Kwango da rogonsu na asuba. Ya ɗanɗana na kowa, ya jera su sama da ƙasa, amma bai taɓa duba aikin da kowa ke tashi ya yi bayan ya ci ba.

Labo ya ga sauran shayi a tukunya, ya ce a zubo masa. Ya kurɓa, ya juya shi a baki.

"Da daɗi. A riƙa sha bayan an ƙoshi."

Shitu ya ɗaure gangarsa tam. Wannan karon ƙasa ce ta ji jiki. Fura ta zo da rana aka sha a tsaye. Hadari na matsowa, su ma suna matsawa. Isyaku na sare ciyawar kunyar ƙarshe, ɗigon farko ya faɗo masa a ƙeya.

Aka watse da gudu ana ihu. Tani ba ta gudu ba. Ta tsaya a bakin gona ruwa na dukanta, tana kallon dawa tsaye layi-layi, babu ciyawa ko ɗaya a tsakani. Ta sauke wani dogon numfashi, ta ce, "To, bana ma a ci."

Washegari Habila ya tashi da wuri. Ya ɗauki gwangwanin sukari da ragowar ganyen shayi ya kai wa Laraba. Ya fito ƙofar gida, ya zauna a ƙasa kusa da turmin Labo, ya wanke hannu tun ba a kira shi ba. Da akushi ya zo suka cinye tare. Sannan ya saɓa hauya ya nufi gonar Isyaku, don ranar gayyarsa ce.

Darasi: Ganin abin wasu ba laifi ba ne, raina na gida shi ne laifi. Kowace ƙasa ta zaɓi karin kumallonta ne daidai da aikin da ke jiranta. In kuma ɗan'uwanka ya yi wauta, rufa masa asiri ya fi barinsa ya ji kunya. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman waɗanda ke zaune a ƙasashen waje.