Cinikin Gero a Gawon Dela

An ruwaito a cikin wani tsohon littafi da na gada wurin kakana, wanda gara ta riga ni karanta gefensa, cewa an yi wani sarki a ƙasar Gulbin Ɗorawa ana ce masa Sarki Cindo. Mutum ne mai son adalci, har son ya yi masa yawa, don akwai irin wannan. Wata rana aka kawo masa ƙarar wani talaka da aka tsauwala wa kuɗin gishiri, abin ya tsaya masa a rai. Sai ya sa aka gina kasuwa a ƙofar fadarsa, da rumfuna a jere, da rijiya, da katanga. Wazirinsa, Nomau, ya ba shi shawara a hana tayi a cikinta. Kowace safiya mai shela ya faɗi kuɗin kowane kaya, mai saye ya biya, mai sayarwa ya miƙa, kowa ya kama gabansa. Ba ragi, ba gyara, ba a cuci kowa ba. Sarki ya ce madalla, aka yi shela.

Kasuwa fa ta ƙi ci. Mutane su shigo kamar an aike su, su fita kamar ana korarsu. Kafin damina ta zagayo, awakin unguwa ne ke kwana a rumfunan. Jama'a duk sun koma wata kasuwar ƙauye da ke gindin waɗansu gawo, can bakin hanyar fatake, a wani gari da ake kira Gawon Dela.

An ce Waziri Nomau ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, muddin waɗancan itatuwa na tsaye, kasuwarka ba za ta ci ba. A sare su, a watsa mutanen, su zo nan ko suna so ko ba sa so." Ka ji shawara! Irin ta wanda bai taɓa sayen ko allura da hannunsa ba.

Sarki ya sa aka kira wani tsohon madugu mai suna Arzika, wanda kowace shekara yakan wuce ƙofar birni da ayarinsa ya sauke kaya a Gawon Dela. Ya ce masa, "Madugu, ga tambaya. Na ba ku inuwa da ruwa da gaskiya, kun guje. Can ba ku da komai sai gindin itace, kun taru. Me ke sa kasuwa ta ci? In ka ba ni amsar da ta gamsar da ni, na bar muku gawonku. In ka kasa, gatari zai hau su."

Gaban Arzika ya faɗi, domin a kasuwar nan ya yi ƙuruciyarsa, can ya san kowa, can aka san shi. Ya sunkuya ya ce, "Ranka ya daɗe, bawanka ya san amsar, amma bakinsa ba zai iya ɗaukarta zuwa fada ba. In Zaki ya yarda, ya sa tufafin matafiya, ya bi ni ranar kasuwa, ya sayi mudun gero guda da kansa. In ya saya bai ga amsar ba, a sare."

Fadawa suka yi ca, wai an yi wa Sarki rashin kunya. Sarki ya ɗaga hannu suka yi shiru. Ya ce ya yarda. Ya umurci Waziri ya biyo su a baya da dogarai da gatura, ya tsaya nesa da gari. In la'asar ta yi bai ga aike ba, ya shigo ya yi aikinsa.

Ranar kasuwa suka fita da asuba a kan jakuna, Sarki ya sa wata koɗaɗɗiyar riga, ya ja rawani ya rufe baki kamar fataken arewa. Da hantsi ya fara ganin ƙananan hanyoyi na fitowa daga cikin gonaki suna shiga babbar hanya, kowace da mutanenta. Ga matan Fulani da ƙoren nono a ka, suna tafe ba sa ko taɓa su. Ga wani tsoho ya ɗaura tukwane a bayan jaki har ba a ganin jakin, sai tukwane na tafiya. Ga mai kaji, ga mai tabarmi, ga makaho da sandarsa yana waƙa a hankali. Tun ba su ga gari ba suka ji wata ƙara tana tasowa kamar ta zuma a cikin amya. Sarki ya ce, "Mene ne wannan?" Arzika ya ce, "Ita ce, ranka ya daɗe. Ta fara ci."

Rani ne, sauran itatuwa duk sun kaɗe, amma gawo ya yi ganye shar, yadda ya saba. A ƙarƙashinsa haske na zubowa tsilli-tsilli a kan kanwa da jan barkono da turamen shuni. Ƙamshin tsire ya gauraya da warin daddawa da na sabuwar fata. Kalangun mahauta na tashi daga can gefe, ya yi kusa, ya yi nisa. Sarki ya sauka daga jaki yana tafiya a hankali, ba mai kauce masa, ba mai faɗuwa gaisuwa. Wata yarinya mai tallan gyaɗa ma ta bangaje shi ta wuce. Ya ji kamar ya bar jikinsa a fada ya aro na wani.

Arzika ya kai shi layin ma'auna, ya nuna masa wata tsohuwa da ke zaune bayan tulin gero, ana ce mata Inna Tasalla. Shi kuwa ya ja da baya ya tsaya.

Sarki ya ce, "Inna, nawa mudu?"

Ta dube shi sama da ƙasa, ta sa masa kuɗin da ya kusa sayen ɗan akuya. Sarki ya zura hannu a aljihu zai biya. Nan take ta kife mudun a kan gero.

Ta ce, "Subhanallahi! Baƙo, me na yi maka?"

Ya ce, "Ba ki yi mini komai ba. Kin faɗi kuɗi, zan biya."

Ta ce, "Kuɗin farko ai sallama ce, ɗana. Ko amsa ba ka yi ba za ka jefa mini kuɗi ka tafi? Mai yin haka, ko ana binsa a baya, ko ya raina mai kaya. Wanne ne naka?"

Ya ce, "Ba ko ɗaya."

"To zauna ka taya."

Ya zauna a kan wani buhu. Bai taɓa tayi ba tun da uwarsa ta haife shi, saboda haka ya faɗi abin da ko ƙaiƙayi ba zai saya ba. Tasalla ta tafa hannu ta ce, "Albarka! Jama'a, ku zo ku ji, yau an aiko mini ɗan fashi da rana tsaka!" Ma'auna suka kwashe da dariya. Jinin Sarki ya tafasa, domin tun ranar da aka naɗa masa rawani ba a taɓa hana shi abin da ya nema ba. Amma fushin bai daɗe ba, wani daɗi ya biyo bayansa. Rabon da wani ya yi masa tsiya haka tun mahaifiyarsa na da rai, sai ya ji kewarta ta taso masa.

Ya ƙara kaɗan. Ta ce albarka, ta tambaye shi ta wace hanya ya biyo, ko gulbi ya janye. Ya ƙara. Ta rage kaɗan, ta tambaye shi iyali. Ya ce mahaifiyarsa ta rasu. Ta ce, "Allah ya ji ƙanta. Shi ya sa ka rame, ba mai yi maka faɗa ka ci abinci." Ta kira mai fura ta dama masa. Mai tukwane da ke kusa ya sa baki, wani Bafillace da ya zo sayen dawa ya tsaya, aka shiga labarin ruwan bara da ciwon shanu da wanda ya aurar da 'ya. Gero yana nan, ba wanda ya taɓa shi.

Sarki ya ce, "Inna, wa ya koya muku wannan jan rai?"

Ta ce, "Dela mana, mai garin. Ba ka san labarinta ba? To saurara. Kakata ta ce a da nan daji ne, sai gawo da hanya. Dela amarya ce, mijinta ya bi ayari kudu bai dawo ba. Kullum sai ta ɗauko ƙwaryar fura ta zauna nan, ko wani matafiyi ya gan shi. Amma matafiyi ba ya tsayawa, ya sha, ya biya, ya wuce, kafin ta buɗe baki ya yi nisa. Sai ta yi dabara. Duk wanda ya tambayi fura, ta sa masa kuɗin da ba zai yarda ba. Dole ya sauke kaya ya taya. Tsakanin tayi da tayi ta tambaye shi ina ya fito, wa ya gani, ko ya haɗu da wani dogo mai tabo a goshi. In ya gama ba ta labari, ta sallama masa da araha, ta ƙara masa ludayi guda don ya sake biyowa. Matan ƙauyuka da nasu mazan ke kan hanya suka ji, suka riƙa zuwa su zauna kusa da ita, kowace da ɗan abin sayarwarta don kada a ce zaman banza take. Haka aka yi ta taruwa."

Sarki ya ce, "Mijin ya dawo?"

Ta ce, "Bai dawo ba. Amma ba ta tsufa ita kaɗai ba." Ta gyara zama ta ce, "To, ƙara. Ka kusa."

An ruwaito cewa Sarki ya manta da Waziri, ya manta da rana. Inuwar gawo ta juya ta miƙe gabas, shi yana nan kan buhu yana ja, tana ja. Saura ƙiris su daidaita. Har ta tayar da mudun ta cika shi ya yi tozo, ta cusa hannu cikin gero za ta ɗebo gyara, sai kalangu ya yanke. Kasuwa ta yi tsit. Waziri da dogarai suka shigo da gatura a kafaɗa, mutane na ja da baya suna tattara kaya. Arzika ya ruga ya tare gaban wani gawo da jikinsa.

Sarki ya miƙe ya sauke rawani daga bakinsa, ya daka tsawa ya ce, "Kada wanda ya taɓa ko reshe!"

Waziri ya gane shi, ya zube ya ce, "Zaki! Allah ya ja zamaninka!" Kasuwa gaba ɗaya ta zube.

Sarki ya juya wurin Tasalla. Tana durƙushe, goshinta a ƙasa, geron da ta ɗebo na zuba ta tsakanin yatsunta. Ta ce, "Tuba nake, ranka ya daɗe. Ban sani ba. Ɗauki duka, naka ne."

Ya tsuguna ya ce, "Inna, ba mu gama ba. Ga tayina na ƙarshe, ki ce albarka."

Ta ce, "Wane ni, ranka ya daɗe? Abin da Zaki ya ce, shi ke nan."

Ya roƙe ta, ya sake roƙonta, ba ta ko ɗaga kai ba. Wallahi duk lokacin da na zo nan a karatun littafin sai na ji tausayin mutumin nan. Ya tashi idonsa ya ciko, ya ce wa Arzika, "Madugu, na ga amsarka. Na ɗauka saye ke kawo mutane kasuwa. Ashe sayen dalili ne, zaman suke nema. Ni kuwa na hana su zaman, na ce adalci na yi musu."

Aka mayar da gatura. Sarki ya sa wa Arzika alkyabba, ya naɗa shi Sarkin Kasuwa, ya bar masa hukuncin duk wanda ya cuci baƙo. Aka soke shelar safiya, aka bar mutane su taya su ja yadda suka gada, kasuwar birni ma ta farfaɗo a hankali. Waziri Nomau kuwa aka ce ya riƙa zuwa cefanen gidansa da kansa, har ya koya.

Masu hikima da suka rubuta wannan labari sun ce, shugaba kada ya gyara abin da bai taɓa zama a cikinsa ba, domin abin da ya gani kamar ɓata lokaci, wata sa'a shi ne abin da ke riƙe da mutane. Sun kuma ce Sarki Cindo ya yi zamani mai tsawo, Gawon Dela ta ci gaba da ci har bayansa. Ya sha komawa can da tsofaffin tufafi, amma an riga an san fuskarsa. Duk abin da ya taya, sai a ce masa ya ɗauka. Har ya bar duniya bai sake samun wanda ya ce masa albarka ba.