Wilin da Ba a Gama Gogewa Ba

Akwai wani mutum mai sana'ar goge ƙarfe a rumfar da ya kafa a bayan gidansa. Yakan goge hannun ƙofa da murfin inji, amma an fi saninsa da wilin mota na alminiyam, wato ƙarfen nan da taya ke zama a kai.

Wata rana wani mai mota ya kawo masa wili huɗu. Uku datti ne kawai ya dusashe su, da ya wanke ya shafa mai sai suka yi kyau. Na huɗun kuwa ya sha wuya. Ya gurji bakin kwalbati ba sau ɗaya ba, kuma duk lokacin da ya ji rauni sai a fesa masa fenti ruwan azurfa a rufe. Fenti a kan fenti, har ya soma ɓarewa.

Mutumin ya ɗauki samfefa mai kaushi, wato takardar nan mai yashi, ya fara kankarewa. To, haka aikin yake: mai kaushi ce farko, ita kuma sai ta ƙara wa ƙarfe muni kafin ya yi kyau. Fentin ya tafi, raunukan da aka ɓoye duk suka fito fili, ga kuma zanen samfefa ko'ina.

Ana cikin haka mai motar ya zo. Da ya gani sai ransa ya ɓaci, ya ce ya kawo wili mai ɗan haske an mayar masa da shi kamar gindin tukunya. Ya ce a fesa fenti yanzu yanzu ya tafi da abinsa.

Mutumin ya ce, “Yallaɓai, ban gama ba. Fenti kuma ba zan fesa ba, shi ya kai shi ga haka.”

Mai motar ya kwashi ukun, ya ce na huɗun a ba 'yan gwangwan su narkar. Bai tsaya nan ba, ya bi tasha da gareji yana cewa mutumin nan ɓata wili yake yi. Aiki ya ɗauke. Masu wucewa sukan leƙo rumfar su tambaya ko tukunyar ta nuna, su yi dariya.

Matarsa ta damu ƙwarai, gama daga rumfar nan suke ci. Ta ce, “Baban Briskila, ka fesa masa fentin nan mana, bakin mutane ya mutu.” Ya ce mata in ya fesa, bakin mutane zai mutu, amma damina ɗaya za ta tone abin da ya rufe.

Ɗan gwangwan ma ya ji labari, ya turo kurarsa har ƙofar rumfa. Ya ɗaga wilin yana jijjiga nauyinsa, ya ce wannan ai nasa ne, mai shi ma ya sallama. Mutumin ya karɓe daga hannunsa, ya ce, “Ajiye. Abin da ke hannuna bai zama shara ba tukuna.”

Ya koma ya zauna. Ya bar mai kaushi ya ɗauki mai ɗan laushi, yana yi yana yayyafa ruwa, daga ita sai wadda ta fi ta laushi. Bai tsallake ko ɗaya ba, gama kowace tana share zanen da ta gabanta ta bari. Yatsunsa suka yi kanta. A ƙarshe ya shafa man gogewa, ya bi da tsumma, baƙi yana fita, haske yana shigowa. Rauni ɗaya mai zurfi ya ƙi ɓacewa, ya bar shi a fili, bai rufe ba. Ya jingine wilin a bakin rumfa.

Ran nan mai motar ya biyo ta layin, hasken ya doki idonsa. Ya tsaya ya tambaya ko na sayarwa ne. Mutumin ya nuna masa tabon, ya ce, “Naka ne, Yallaɓai. Wanda ka ce a narkar.”

Ma'anar wannan misali ita ce: mai gogewar nan Ubangiji ne, wilin kuwa 'ya'yanmu ne, musamman wanda ake nunawa da baki in ya wuce. Fentin shi ne rufa-rufar da mu iyaye muke yi don kada a ji a ikilisiya. Ɗan gwangwan kuma Shaiɗan ne, da duk mai cewa yaron nan ya riga ya lalace, a cire rai.

'Yan'uwana mata, ni ma ina da ɗa wanda in ya fita, gabana yake faɗuwa har sai na ji motsinsa a ƙofa. Na san yadda ake sunkuyar da kai a taron zumunta. Amma na daina fesa fenti, kuma ba zan miƙa ɗana ga mai kura ba, ko wa ya turo ta. Ku ma kada ku miƙa naku. Wanda ya leƙo ya ga zane da muni, tsakiyar aiki ya tarar. Ku dube shi ido cikin ido ku ce masa: Mai aikin bai ce ya gama ba.