Burodin Da Baba Ya Gatsa

Akwai wata mata a cocin 'yan tsibirin Tonga da ke garin Logan, nan kusa da birnin Brisbane, sunanta Sesilia, amma Sesi kowa yake ce mata. Mijinta Lisiate ƙato ne, irin wanda zai ɗauki firiji shi kaɗai ya hau bene da shi yana fito. 'Yarsu ɗaya, Nia, shekararta shida.

Ita Nia ba ta cin komai sai abin da babanta ya fara gatsa.

Laifin Sesi ne, kuma ta sani. Yarinyar tana shekara uku ta yi zazzaɓi, Sesi ta niƙa ƙwayar magani mai ɗaci ta cusa a cikin ayaba, ta rantse mata babu komai a ciki. Nia ta ci, ta amayar. Daga ranar ta cire uwarta daga jerin mutanen da ake yarda da su a kan abinci. Uban kaɗai ya rage. In ta ga shaidar wushiryarsa a jikin abu, za ta ci har ta nemi ƙari. Kullum kafin ya fita aiki sai ya bi abincin makarantarta ɗaya bayan ɗaya ya gatsa, har tuffa.

To, a wurin mutanen Tonga ɗa ba ya cin ragowar ubansa. Babban abin kunya ne. Su Sesi sun san haka, shi ya sa suke rufe ƙofa kafin su zauna cin abinci.

Ana nan sai Lavinia, yayar Lisiate, ta cika shekara sittin. Dangi suka ce a jirgin ruwa na shaƙatawa za a yi bikin, kwana bakwai, a zaga tsibirai a dawo. Mutum goma sha shida suka hau, duk sun yi ankon riga mai hoton fuskarta a ƙirji.

Gwaggo kuwa a gidan ɗan Tonga ba a ja da ita. Ita ke raɗa wa 'ya'yan ƙaninta suna, kuma abin da ta faɗa a kansu ya zauna. Lavinia sunanta ta ba yarinyar, aka gajarta shi ya koma Nia. Tun tasowarta babu wanda ya taɓa ce mata a'a ya ji daɗin ranar.

A jirgin, tebur ɗaya aka ware musu, kullum ƙarfe shida na yamma. Sesi ta yi dabara ta zaunar da Nia kusa da babanta, can ƙarshe. Lisiate ya gatsi cinyar kaza, ya sauke hannu a hankali ya miƙa ta ƙarƙashin tebur.

Mutum goma sha biyu ne tsakaninsa da yayarsa, amma ta gani.

"Lisiate, me na gani yanzu?"

"Ba komai, Yaya."

"Ba komai ɗin ne yarinya take taunawa?"

Lavinia ta juyo kan Sesi.

"Ke kuma uwar 'ya, a gidanku haka ake yi? 'Ya ta ci ragowar uba kina zaune kina gyara ɗankunne?"

"Gwaggo, ba ta ci sai da haka," in ji Sesi. "Mun kai ta wurin likita, ya ce a bi ta a hankali."

"Likitan ɗan Tonga ne?"

Aka yi dariya, don in Lavinia ta yi barkwanci dole a yi dariya.

"Biyar na rena, babu wanda ya taɓa yi mini zaɓen abinci," in ji ta. "Yunwa ce likitanta. Daga yau takwarata a ɗakina za ta kwana, kusa da ni za ta zauna. Ku ba ni kwana biyu ku ga yadda ake lashe faranti."

Sesi ta dubi mijinta. Ƙaton da ke ɗaukar firiji yana can yana nazarin cokali kamar yau ya fara ganin irinsa.

Washegari Lavinia ta kai Nia babban ɗakin cin abinci, inda ake jera kwanuka daga wannan bango zuwa wancan kowa ya ɗebi son ransa. Ta tula mata kifi, ta tula jatan lande, ta kawo shinkafa, ta kawo askirim kala uku. Nia ta zauna, hannu a cinya. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi gardama ba. Ta kurɓi ruwa kaɗan ta ajiye.

Lavinia ta cinye nata, sannan ta cinye na yarinyar don kada a yi asara.

Da rana Sesi ta tsare mijinta a ɗaki.

"Baban Nia, ka baro bakinka a Logan ne?"

"Sesi, yayata ce."

"Waccan kuma 'yar maƙwabta ce?"

"Ki yi haƙuri. Zuwa gobe za ta sauko."

"Wa zai sauko? Yayarka ko 'yarka? Don ɗaya a cikinsu faranti uku take ci a zama ɗaya, tana da ƙarfin jira."

Ta tura masa burodi a baki, ya gatsa, ta naɗe a tsumma ta soke a jaka. Ta iske su a bakin wurin ninƙaya, Lavinia a kishingiɗe da faifan hula a fuska, kamar mai barci. Sesi ta durƙusa kusa da 'yarta ta buɗe tsumman. Idon Nia ya kawo haske, ta miƙo hannu.

Wani hannun ya riga ta.

Lavinia ta ɗaga burodin sama ta duba shi a hasken rana.

"Wannan wushiryar na riga ki saninta," ta ce, ta jefa shi a kwandon shara.

Sesi ta tsaya tana kallon kwandon. A cikin jirgin da ake zubar da abincin da zai ciyar da gari guda, 'yarta ce kaɗai ke kwana da yunwa, kuma mutum goma sha biyar masu hankali suna kallo. Matan dangi in sun gamu da ita a lungu sai su kama hannunta su ce, "Ki daure, kin san halinta." A tebur kuwa su ne masu cewa, "Gaskiyarki, Gwaggo."

Rana ta huɗu jirgi ya tsaya a Port Vila, wani gari a ɗaya daga cikin tsibiran. Zafi ake yi mai nauyi. Lavinia ta ce kafin a sauka gari sai an hau saman jirgi an yi hoton dangi da rigunan anko. Mai hoto yana cewa a matso, a yi murmushi, sai Nia ta sulale ƙasa a gaban gwaggonta.

A asibitin jirgin aka sa mata ƙarin ruwa. Likitar, wata mace mai furfura da ba ta da lokacin kowa, ta tambayi yaushe rabon yarinyar da abinci. Da aka gaya mata, ta cire tabarau ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Jirgi zai tashi ƙarfe biyar," ta ce. "Zan dawo ƙarfe uku. In ba ta ci wani abu ya zauna a cikinta ba, ba zan shiga teku da ita ba. Za a sauke ta a kai ta asibitin gari, ita da ɗaya daga cikin iyayenta."

Lavinia ta kori kowa waje, har uban. Ta ce taron jama'a ne ke sa yarinyar taurin kai.

Sesi ba ta zage ta ba, ko da yake kalmomin suna nan a jere a bakinta. Ta je ta ɗauko tire, burodi da ayaba da romon kaza, ta russuna yadda ya kamata ta ajiye a gaban Lavinia.

"Gwaggo, ke kika raɗa mata suna, ke kika ce a bar miki ita. Ga 'yarki, ga abinci, ga agogo a bango. In aka sauke mu a nan, ke za ki gaya wa mutanen coci yadda bikinki ya ƙare, don ni ban iya tsara labari ba."

Ta koma bakin ƙofa daga ciki ta naɗe hannu.

Lavinia ta fara da umarni. Nia ta kalli silin. Ta koma alkawari, 'yar tsana, sabuwar riga, keke. Nia ta kalli silin. Ta yi mata waƙar coci da muryar nan tata da ke tsorata jarirai. Ƙarfe biyu ta wuce.

Can sai Lavinia ta juya baya, ta gatsi burodin da kanta, ta juyo tana murmushi.

"Ga shi, takwara. Babanki ne ya aiko."

Nia ta karɓa ta duba, ta mayar kan tire.

"Ba wushirya."

Sesi ta sunkuyar da kai. Ta gane ƙaryar, don ita ta fara yin irinta.

Saura kwata ƙarfe uku Lavinia ta miƙe, gumi ya jiƙa hoton fuskarta da ke ƙirjinta. Ta buɗe ƙofa. Lisiate yana tsugune a lungu, ga jakar 'yarsa a gefe, an riga an haɗa.

"Shigo ka gatsa mata."

"Yaya, al'ada fa..."

"Ni ce al'adar. Tashi."

Ya shigo, ya ɗauki sabon burodi ya gatsa, ya miƙa wa 'yarsa. Kowa ya ɗauka an gama.

Nia ba ta karɓa ba. Gwaggonta take kallo.

"Za ki jefa a shara."

"Ba zan jefa ba."

"Za ki yi wa Baba faɗa."

"Na ce ki ci, ko?"

Yarinyar ta mayar da hannunta ƙarƙashin bargo.

"Ba ta karɓar maganar da aka yi mata daga tsaye, Gwaggo," in ji Sesi. "Shekara uku ina gwadawa."

A wurinsu mai neman gafara ba ya tsayawa a kan wanda ya ɓata wa. Ƙasa yake zama. Lavinia kuwa ba ta taɓa zama ƙasa da wani ɗan gidan ƙaninta ba. Ta dubi agogo. Ta dubi allurar da ke hannun yarinyar. Sannan ta dafa gado, ta sauka a hankali, gwiwoyinta suna ƙara, har ta zauna daɓas a ƙasa.

"Takwara," ta ce, murya can ƙasa, "ni na yi kuskure, ba babanki ba. Ci abincinki."

Nia ta leƙo ta bakin gado ta dube ta da kyau. Ta fito da hannu ta karɓi burodin. Ta cinye, ta nuna ayaba. Uban ya gatsa, ta cinye. Da likitar ta shigo ta iske ƙaton yana kurɓar romo yana miƙa kofi, hawaye na bin gemunsa. Ta duba yarinyar, ta ce a jira awa ɗaya a gani, in ya zauna a mayar da jaka ɗaki.

Sai Lavinia ta yunƙura za ta tashi. Gwiwa ta ƙi. Ta sake yunƙurawa, ta koma. Hannun ƙaninta duka biyu suna kan abincin 'yarsa, kuma ba ta da bakin kiransa. Ta ɗaga ido ta dubi matar da ta tambaya ko a gidansu haka ake yi.

Sesi ta gan ta sarai. Sai da Nia ta gama burodi na biyu, ta sha ruwa, ta yi gyatsa, sannan Sesi ta miƙa wa Lavinia hannu.

Darasi: Cikin yaro ba wurin gwada iko ba ne. Yaron da ya ƙi abinci sau da yawa tsoro yake ji, kuma ba a cire tsoro da yunwa ko da ƙarya. Babba ya riƙe girmansa, amma ya san ranar da zai sauko. Kai kuma uba, shirun da ka yi don kunyar 'yan'uwanka, ɗanka ne zai ɗauki nauyinsa. Ku tura wa iyaye, ku tura wa gwaggonni, musamman wadda kuka san ba za ta ji daɗin karantawa ba.