Sallamar Malam Bawa da Mega Biyar

Kun ce na tsufa, labarina ya ƙare. To ku gyara zama, masu baƙin ciki.

Akwai wani Sharhabil a Unguwar Dosa, ma'aikacin gwamnati mai rubuta manhajar kwamfuta. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya ba ka tarihin agogo.

Kafin mahaifinsu Malam Bawa ya rasu, ya naɗi muryarsa a filashi ya ba babbar 'yarsa Dije, tela a Abakpa. Ya ce sunan jikansa na ciki, kada a saurara sai ƙanwarsu Nafisat ta haihu.

Nafisat ta haifi namiji. Gobe suna. Mijinta Kabir yana wani ƙauye wurin aiki, ya ce a tura masa ya ji kafin ya taso. Fayil ɗin mega arba'in ne, sabis ɗin ƙauyen kuwa ko mega shida ba ya ɗauka.

"Ku kawo," in ji Sharhabil. "Layi biyu ne a Python, yaren manhaja."

Dije ta ce, "Malam Injiniya, mu dai ba ma sa almakashi a yadin mutane sai mun gwada a ƙyalle. Ka kwafa tukuna."

"Yaya, wannan ba ɗinkin zani ba ne."

Ya rubuta umarnin truncate, ya sa mega biyar, ya danna. Shi wannan umarni ba ya matse fayil. Farkonsa yake bari, ya datse sauran ya zubar. A kan filashin Baba kuma ya yi.

Aka kunna don gwaji. Muryar Baba ta fito: sallama, salati, ina gajiya, yaya Dije, yaya maƙwabta, yaya ƙafar liman, an gyara kwatar ƙofar gida kuwa? Ya gaishe da kowa har mai kai musu ruwa. Sannan ya yi gyaran murya ya ce, "To, abin da ya sa na tara ku..."

Shiru.

Nafisat ta rungume jariri ta fashe da kuka. "Yaya, ka yanke min Baba!"

Gumi ya karyo wa Sharhabil. Ya mayar da girman zuwa mega arba'in, wutsiyar ta dawo fanko, babu ko tari. Ya buga wa abokan aiki huɗu, kowa ya ce sai haƙuri. Ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa. Har la'asar yana danne-danne, Kabir na ta kira.

Daga ƙarshe ya durƙusa gaban Dije. "Yaya, na halaka. Me zan gaya wa mutane gobe?"

Ta bar shi ya ɗan dahu. Sannan ta kwance bakin zaninta ta fito da memori. Tun bara ta kai wa mai gyaran waya ya kwafa mata, kusa da hotunan ɗinkinta.

Aka kunna, aka wuce gaisuwa. Baba ya ce, "In namiji ne, a sa masa Nazifi. Sharhabil kuma, in yana kusa, kada a bari ya taɓa wannan abin."

Darasi: Kada ka datse abin da ba ka ji ƙarshensa ba, kuma kada ka raina shawarar na gaba da kai don ba ta iya Turanci ba. Ku tura wa injiniyan gidanku, amma ku tura shi cikakke. Na wahala wajen rubutawa, kuma na san ko sannu ba za ku ce min ba.