Burgu da Hoton Mashigi

An yi wani Burgu a dajin Tsamiyar Biri wanda ya koyi haɗa manhajar waya, tun daga ranar kuwa kunnen kowa bai sake hutawa ba. Duk inda ya zauna sai ya bugi ƙirji ya ce manhajarsa ta buɗe imel ta fi walƙiya sauri, wai kafin mai aiko saƙo ya gama tunanin abin da zai faɗa, ita ta riga ta buɗe.

Dabbobin dajin kuwa suna bukatar irin wannan abu. Kasuwarsu tana ƙetaren kogi. Duk ranar kasuwa Gwaggo Dorina, wadda ke zaune a mashigi, takan ɗauki hoton ruwa ta turo ta imel, don a san ko a tsallaka ko a zauna gida. Sai dai sabis ɗin dajin tafiyar hawainiya mai ciwon ƙafa yake yi. A tsaya ana kallon waya har tumatir ya yi laushi a kwando.

To, kun san halin burgu, duk abin da ya samu kumatu yake turawa. Manhajar ma halin maigidanta ta ɗauko: in ta sauko da hoto sau ɗaya sai ta ɓoye shi cikin waya, gobe in an nema ta miƙo. Wannan dabara ce mai kyau, yara. Inda Burgu ya ɓata rawarsa da tsalle shi ne, ya ga komawa a tambaya ko an turo sabo yana cin lokaci, sai ya cire tambayar gaba ɗaya. Gwaggo Dorina kuma kullum suna ɗaya take sa wa hotonta, wato mashigi, don haka ko ta turo sabo, tsohon da ke ɓoye manhajar za ta miƙo.

Akwai wata Bushiya mai gardamar tsiya, ko gishiri aka ce mata da ɗanɗano sai ta lasa. Cikin rani ta zo da bahon ruwa da 'yar ƙwarya mai huji, ta ce za ta auna saurin nan da ake cika musu kunne da shi. Aka ɗora ƙwarya a ruwa, Burgu ya danna waya. Ƙwarya ta cika ta nutse, hoto bai fito ba.

"Malam Burgu, walƙiyar taka barci take yi?"

"Wannan ba ya cikin lissafi. Ko tukunya sai ta yi zafi take dafa tuwo. Sake ɗorawa."

Ta sake. Kafin ruwa ya jiƙa gindin ƙwarya hoto ya fito. Bushiya ta ce ita dai awon farko ta sani, Burgu ya ce hassada ce ke cin ta har ta fito mata a baya ta zama ƙaya.

Damina ta faɗi. Wata ranar kasuwa Baba Raƙumi, shugaban 'yan kasuwa, ya tara kowa a gindin tsamiya da kayansu, ya ce yau za a gwada manhajar Burgu da wayar Bushiya a gaban jama'a. In manhajar Burgu ta ci, kowa zai sa ta a wayarsa, a naɗa shi Sarkin Saƙo. Burgu ya zo da rawaninsa a aljihu, don kada a ɓata lokacin nema.

Ya danna, hoto ya fito nan take: mashigi a bushe ƙayau, yashi fari, har da wata akuya a kwance tana tuƙa. Tsohuwar wayar Bushiya kuwa tana ta juyi, ba ta kawo komai ba. Jama'a suka fara ɗaukar kaya.

"Ku dakata," in ji Bushiya. "Wannan rugugin da nake ji daga wajen kogi fa?"

"Cikinki ne, Yaya Bushiya, ba ki karya ba," in ji Burgu.

Sai Akuya ta leƙa wayar ta ce ai ita ce wannan a kwance, kuma rabonta da mashigi tun tana da cikin 'yan biyun nan da ke bin ta yanzu. Burgu ya ce awaki duk kamarsu ɗaya, kada a ɓata masa naɗi da surutu.

Baba Raƙumi ya ɗan tauna baki, ya ce babu damuwa, Sarkin Saƙo ya shige gaba, su bi shi.

Burgu ya ɗaga waya sama ya kama hanya, yana tafiya da baya-baya don ya riƙa yi wa jama'a bayanin yadda ya haɗa abin. Ana ta nuna masa bayansa, shi ko ya ɗauka jinjina ake yi masa. Yana cikin cewa ko ƙafar kaza ba za ta jiƙe ba, sai ji aka yi tsundum.

Kogi ya cika ya batse, ruwa ja wur. Ya juya Burgu kamar ana dama fura, sai da Gwaggo Dorina ta sa hanci ta tallabo shi, ta ajiye a gaɓa a gaban kowa, yana tari, gashi ya manne, kumatu cike da laka.

"Kai ɗan nan," in ji ta, "ba ka ga hoton da na turo da safe ba ne? Na ce kada kowa ya kusanto."

Burgu ya buɗe baki zai ba da amsa, wani ɗan kwaɗo ya yi tsalle ya fito.

Darasin wannan labari shi ne, ajiye abu kusa da hannu dabara ce, amma mai ajiya ya riƙa leƙawa ko abin ya tsufa. Kuma in za ku auna aikinku, ku auna shi a inda yake da wuya, kada ku zaɓi awon da zai faranta muku rai kawai. Amsa mai sauri in ba daidai ba ce, gara wadda ta makara ta zo da gaskiya.