Bakaniken Da Ya Ƙi Rufe Hayaƙi

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, bakanike ne, sunansa Nomau. Bawan Allah ne mai rumfa ɗaya da akwatin sifana ɗaya. Ku riƙe wannan, jama'a: filin da rumfar take ba nasa ba ne. Na Alhaji Barau ne, dillalin motocin gwanjo, aro ya ba shi.

Wata safiya Alhaji ya shigo da wata bas mai shan gas, wato dizal, fenti sai ƙyalli. Ya ja Nomau gefe.

"Masu saye na tafe. Matan wani ƙauye ne suka haɗa hannu, suna son motar kai masu naƙuda asibiti. Sun ce sai ka duba. Ka zuba mata baƙin mai mai kauri hayaƙin ya kwanta, ka ce lafiya lau."

Nomau ya karɓi makulli. Ya tayar da mota, ya kasa kunne. Wani fito ke tashi siriri, kamar jiniya daga nesa. Hayaƙi shuɗi na fita ta salansa. Ya kashe, ya kwance tiyon tobo, wato na'urar nan mai cusa wa inji iska. Sai ga baƙin mai kwance a cikin tiyo. Ya sa yatsa ya taɓa farfelar da ke cikin tobon, tana girgiɗi kamar haƙorin tsoho.

"Alhaji, tobon nan ya mutu. Mai yake ɗura wa inji."

"Na sani. Ba tambayarka na yi ba."

"Ran da inji ya fara shan man nan, ko an zare makulli ba zai mutu ba."

"Nomau, rumfar nan ta wa?"

"Taka ce, ranka ya daɗe."

"To ka tuna."

Ku saurara! Bakin 'ya'ya bakwai na jiran rumfar nan. Bakwai! Kalma biyu kawai ake nema: lafiya lau. Wa ya gani? Wa zai sani?

Ana haka sai ga Gwaggo Tabawa, ungozomar ƙauyen, ta iso da sandarta. Ta shafa motar kamar mai shafa goshin jariri.

"Ɗan nan, mu ba mu san ƙarfe ba. An ce bakinka ɗaya ne. Za ta kai mace asibiti?"

Alhaji ya kafe shi da ido. Nomau ya dubi rumfarsa, ya dubi tsohuwa.

"Gwaggo, in ba a gyara ba, kada ki sa ko akuya a ciki."

Alhaji ya daka tsalle. "Maƙaryaci! Ɗan baƙin ciki! Gwaggo, tsaya ki ji da kunnenki!"

Ya maƙala tiyo da hannunsa, ya faɗa mota, ya murza makulli, ya take totur har ƙasa. Nomau na ihu, "Alhaji, kar ka taka!"

Ina! Inji ya yi wata irin kururuwa. Alhaji ya ɗaga ƙafa, ƙara sai ƙaruwa. Ya zare makulli, ga shi a hannunsa, inji bai mutu ba! Hayaƙi ya turnuƙe garejin. Masu shayi suka watsar da kofuna, kowa ya yi ta kansa. Alhaji na dukan ƙofa, hannun ƙofa ya ƙi, yana salati.

Mutum ɗaya ne ya ruga wajen motar. Nomau ya suri katakon da yake kwanciya a kai in zai duba ƙasan mota, ya fizge tiyon iska, ya danna katakon a bakin tobo da ƙirjinsa. Ƙarfe na ƙona masa hannu, bai saki ba. Inji ya shaƙe, ya yi tari, ya yi tari, ya yi shiru.

Alhaji ya fito ba hula.

Kuna tsammani ya gode? Wallahi bai gode ba. Kunya ta fi ƙarfinsa. Ya ce, "Kwashe komatsanka kafin azahar." Nomau ya kwashe, da hannu a ƙone.

Amma tsohuwar nan ba ta motsa ba. Ta ce wa Nomau, "Motar da muka san ciwonta ta fi wadda ba mu sani ba. Za mu saya, in kai za ka gyara. Akwai tsamiya a bakin tasharmu, inuwarta ba ta aro ba ce."

A ƙarƙashin tsamiyar ya gano asalin cutar: bututun da ke kai wa tobo mai ya toshe da dauɗa. Ya wanke, ya sa wani tobon, ya juye mai. Da yawa cikin samarin ƙauyen na yau, a motar nan aka kai iyayensu mata haihuwarsu.

To jama'a, gaskiya kan ci maka rumfa, kada wani ya ruɗe ku. Amma Wanda ya ba da rumfa Shi ke da tsamiya. Kai tela, kai mai awo, ke mai abinci, kowa na da hayaƙin da ake roƙonsa ya rufe. Gobe in an tambaye ka, "Za ta kai mace asibiti?", ka tuna akwai rai a bayan amsarka. Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya ran da take da tsada.