Sunan da Iya Ta Ƙi Faɗa

A zamanin da, a wata ƙasa mai faɗi, an yi wani sarki da gigin tsufa ya addabi fadarsa. Wani dattijon hakimi ya yanke hukunci da safe, da yamma ya rantse bai san zancen ba. Sai sarki ya kafa doka cewa duk mai sarautar da shekarunsa suka ja, a gwada hankalinsa da tambayoyi, in ya kasa a sauke shi. Dokar ba ta da laifi, amma da ya danƙa ta a hannun Waziri Gambo, ai an ba kura ajiyar nama.

Iya Tabawa, mahaifiyar sarki, wadda ita ma take riƙe da sarauta a fada, ita kaɗai ke tsawata wa Waziri kan gonakin talakawa da yake ƙwacewa. Don haka da ita ya fara, da nufin a tuɓe ta a kulle a ɗaki.

Fada ta cika, Waziri ya rusuna ya ce, "Allah ya ja zamanin Iya, mene ne sunan marigayi maigidanki?"

Iya ta sunkuyar da kai.

"To, yaya sunan ɗanki na fari?"

Ta yi shiru. Wannan rashin imani har ina! Ko yaron goye ya san mace mai kunya ba ta ambaton sunan miji ko na ɗan fari, amma fadawa suka yi tsit saboda tsoro.

Waziri ya juya wurin sarki, wanda shi ne ɗan farin, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ka gani da idonka. Har sunanka ya ɓace mata."

Sarki ya share hawaye, ya buɗe baki zai ba da umarni, sai Iya ta ɗago. Ta faɗi ranar da ake ciki da watan, ta lissafo gonakin da Waziri ya ƙwace da masu su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta dubi sarki ta ce, "Waziri bai ba ni mamaki ba, mugu ne tun yana yaro. Amma kai, tun ranar sunanka, yaushe ka taɓa jin na kira sunan nan da bakina?"

Sarki ya sauko daga karaga ya durƙusa gabanta. Nan take ya tuɓe Waziri, ya mayar da gonaki ga masu su, ya miƙa gwajin ga malamai da masu magani, waɗanda ba sa cin riba in tsoho ya faɗi.

Ya ce, "Iya, ki yafe mini."

Ta ce, "Na yafe maka, wannan yaron."